Cimar Masu Ciwon Hanta a Lokutan Shekarar Bahaushe: Daga Damina zuwa Bazara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda sauyawar lokutan shekara a ƙasar Hausa ke shafar cimar mutanen da ke ɗauke da ciwon hanta mai daɗewa, musamman nau'in B da na C. An bi shekarar kamar yadda Bahaushe ya kasa ta, wato damina da kaka da hunturu da bazara, aka fito da abincin da kowane lokaci ke samarwa da kuma haɗarin da ke biye da shi. An nuna cewa mai da nama, waɗanda al'ada ta fi hana mai shawara ci, suna bayan wasu abubuwa biyar wajen cutar da hanta: gurɓataccen ruwa, gubar fumfuna a gyaɗa da masara, yawan gishiri, yawan sukari, da kuma yunwa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da lokacin da ya fi ƙamari a cikin shekara.

Fitilun kalmomi: ciwon hanta, shawara, cima, lokutan shekara, fumfuna

1.0 Gabatarwa

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2024, an ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a faɗin duniya, wasu miliyan 50 kuma na ɗauke da nau'in C, sannan ciwon ya yi ajalin kimanin mutum miliyan 1.3 a cikin wannan shekara. A Najeriya, binciken ƙasa baki ɗaya da aka gudanar a 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda ya haɗa da gwajin ciwon hanta, ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da nau'in C. Ke nan a cikin kowane baligi goma sha biyu, kusan ɗaya yana da nau'in B, kuma akasarinsu ba su san da hakan ba.

Wanda aka gwada ya sani kuwa, yakan koma gida da tambayar me zai ci, me zai bari. Amsar da ya fi samu daga 'yan uwa da abokan arziki jerin hani ce: ya bar mai, ya bar nama da ƙwai, ya yawaita shan rake. Jerin irin wannan yana ɗaukar abinci a matsayin abu guda da ba ya sauyawa. A ƙasar da akasarin jama'a ke cin abin da gona da rumbu suka bayar, lamarin ba haka yake ba. Gyaɗar da aka tono a watan Oktoba da wadda aka fito da ita daga buhu a watan Yuni sunansu ɗaya, amma abin da suke kai wa hanta ya sha bamban. Haka nan ruwan rijiya a tsakiyar hunturu da ruwan wannan rijiya bayan ambaliyar Agusta. Manufar maƙalar ita ce ta ɗora shawarwarin masana lafiya a kan kalandar da manomin Bahaushe ya riga ya sani.

2.0 Shawara da Ciwon Hanta

Kalmar shawara a Hausa tana nuni ne ga alamar da ido ke gani, wato sauyawar farin ido da fitsari zuwa ruwan ɗorawa. Alamar tana bayyana idan wani sinadari da ke samuwa daga rugujewar tsofaffin ƙwayoyin jini ya taru a jiki, maimakon hanta ta fitar da shi ta hanyar matsarmama. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta, amosanin jini yana kawo ta, toshewar hanyar matsarmama ma haka, kuma kafafen yaɗa labarai na kiran wata annobar daban da sauro ke yaɗawa da sunan zazzaɓin shawara. Saboda haka, mai shawara ba lallai ne ya zama mai ciwon hanta ba. Abin da ya fi muhimmanci, mai nau'in B ko C yakan shekara ashirin ko talatin idonsa fari tas, alhali hantarsa tana lalacewa sannu a hankali.

Ƙwayoyin bairos da ke haddasa ciwon hanta iri biyar ne. Nau'in A da E suna shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma galibi sukan wuce cikin makonni. Nau'in B da C da D suna bin jini da sauran ruwayen jiki: daga uwa zuwa jariri a lokacin haihuwa, ta allurar da aka maimaita, ta askar da ba a tsabtace ba wajen aski ko kaciya ko tsaga ko ƙaho, da kuma ta saduwa. Kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu da nau'in B sukan zauna da shi har girma, yayin da a manya adadin bai kai biyar cikin ɗari ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake son a yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.

Akwai abu biyu da suka biyo bayan wannan bayani. Na farko, nau'in B da C ba sa yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya ko shan ruwa a moɗa ɗaya, don haka ware wa mai ciwon kwanonsa, a al'ummar da ciyayya ke cikin alamun zumunci, cutarwa ce marar amfani. Na biyu, babu abincin da ke kashe waɗannan ƙwayoyi. Nau'in C yana warkewa a sama da kashi 95 cikin ɗari na masu shan magungunan zamani na tsawon mako 12 zuwa 24, nau'in B kuma ana danne shi da magunguna irin su tenofobir. Aikin cima shi ne ta hana a ɗora wa hanta kaya na biyu a kan wanda take ɗauke da shi.

3.0 Buƙatun Hanta Mai Rauni

Masu ciwon ba matakinsu ɗaya ba. Wanda hantarsa ba ta kai ga ƙandarewa ba, abincinsa shi ne na kowane mai kula da lafiya: hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itace, da nama da mai daidai gwargwado. Abin da ake tsoro a wurinsa shi ne ƙiba, domin kitsen da ke taruwa a hanta yana gaggauta lalacewarta. Barasa kuwa, ko giyar kwalba ce ko burkutu, babu wani adadinta da masana suka yarda mai ciwon hanta ya sha.

Idan ciwon ya kai matakin da tabo ya mamaye hanta ta ƙandare, wanda likitoci ke kira sirosis, lissafin yana sauyawa. Lafiyayyar hanta tana ajiye sukarin da jiki zai yi amfani da shi tsakanin wannan cin abinci da na gaba. Ƙandararriyar hanta ma'ajinta ƙarami ne, har masana suka kwatanta kwana ɗaya da mai wannan ciwo ya yi ba tare da ya ci komai ba da yunwar kwana biyu zuwa uku ga mai lafiya. Da ma'ajin ya ƙare, sai jiki ya koma cin tsokarsa. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin hanta suka ba da shawarar a ba irin wannan majinyaci kalori 35 da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kalori 2,100 da furotin giram 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, busasshen wake mai nauyin giram 100 yana da kimanin 23, waken suya da ake yin awara da shi ya haura 35, kofin madara kuma kimanin 8. Ana son a raba abincin zuwa ƙananan ci da yawa, a kuma ci wani abu daf da kwanciya barci, kamar kunun gero da dafaffiyar madara. A da likitoci kansu sukan rage wa majinyacin furotin idan ciwon ya fara taɓa hankalinsa, amma an bar wannan ra'ayi bayan da aka ga ramar da yake jawowa ta fi illa. Hana nama da ƙwai da al'ada ke yi, idan ba a maye gurbinsu da wake ko nono ko kifi ba, irin wannan ramar yake kawowa.

4.0 Cima a Lokutan Shekara

Bahaushe ya kasa shekara bisa ruwa da iska da aikin gona. Damina tana kamawa daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kaka ta biyo baya a Oktoba da Nuwamba, hunturu ya ɗauka daga Disamba zuwa Fabrairu, bazara kuma ta rufe daga Maris zuwa Mayu. Rani suna ne da ke rufe watannin da ba a ruwan sama. Watannin suna ɗan gocewa tsakanin Zariya da Damagaram, amma jerin bai sauyawa.

4.1 Damina

Ana yi wa damina kirari da uwar albarka, kuma ta fuskar ganye ta cancanci kirarin. Zogale da rama da tafasa da lalo da alayyafo da yakuwa da ɗanyar kuɓewa duk suna wadata, sau da yawa ba tare da an saya ba. Suna ba da bitamin da harzar da ke sa hanji ya riƙa fitar da bayan gida a kan kari, abin da ke da amfani na musamman ga mai ƙandararriyar hanta, domin taurin bayan gida yana cikin abubuwan da ke tayar masa da ruɗewar hankali. Sai dai kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli ake yin sa, kuma ƙuli-ƙulin damina daga gyaɗar bara ya fito, wadda ta fi wata bakwai a ajiye. Za a dawo kan wannan a sashe na gaba.

Damina kuma ita ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa, farashin hatsi ya kai ƙololuwa, aikin gona kuma ya fi cin ƙarfi. Gidaje da yawa sukan rage yawan girki. Ga mai ƙandararriyar hanta wannan ne lokacin da tsoka ta fi zubewa, don haka idan za a keɓe wani abu daga amfanin kaka dominsa, wake ya fi cancanta, a adana shi a cikin buhu mai ruɓi uku ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga, maimakon a barbaɗa masa maganin ƙwari.

Haɗari mafi girma a wannan lokaci yana cikin ruwa. A lokacin marka, kwararar ruwan sama tana wanke masai da juji zuwa cikin rijiyoyi da kududdufai, kuma ta nan nau'in A da E ke samun hanya. Lafiyayyen mutum yakan yi jinyar 'yan makonni ya tashi, amma wanda hantarsa ke fama da nau'in B ko C, sabuwar cutar tana iya kai ta ga gazawa baki ɗaya. Tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka yana kashe ƙwayoyin, kuma ruwan dama fura da na wanke ganye suna cikin wannan hukunci. Akwai allurar rigakafin nau'in A, kuma ana ba masu ciwon hanta mai daɗewa shawarar karɓarta idan gwaji ya nuna ba su da kariya.

Har ila yau, damina ce ke wadata masu haɗa jiƙo da ɗanyen ganye da saiwa. Kowane abu da aka sha sai ya ratsa hanta, kuma akwai tsirran da aka tabbatar suna lalata ta. A arewacin Indiya an danganta mutuwar yara da dama da cin 'ya'yan rai-ɗore, tsiron da ya yi kama da tafasa kuma yake fitowa a bayan gidajen ƙasar Hausa. Jiƙon da ba a san haɗinsa ko ma'auninsa ba gwaji ne da hanta mai rauni ba ta da halin ɗauka.

4.2 Kaka

A kaka abinci ya fi yawa da araha: sabon gero da dawa da masara, wake da gyaɗa da gurjiya da riɗi, dankali da kabewa. Amma a cikin 'yan makonnin nan ne ake yanke hukuncin ingancin abin da gida zai ci har shekara ta zagayo, domin a nan fumfuna ke shiga amfanin gona.

Duniya ta san gubar fumfuna ne a shekarar 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Bincike ya gano wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus da gubar da take fitarwa, wadda aka raɗa wa suna aflatoksin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Idan ta yi yawa sosai tana kisa nan take, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu daga cikin 317 da suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara. Amma illarta ta yau da kullum ita ce ta ɗan kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru.

A nan ne batun ya shafi masu nau'in B kai tsaye. Wani nazari da aka bi maza sama da 18,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a farkon shekarun 1990, ya nuna cewa samun alamar aflatoksin a jiki ya ninka haɗarin sankarar hanta kusan sau 3, ɗaukar nau'in B ya ninka shi kusan sau 7, haɗuwar biyun kuwa ta ninka shi kusan sau 60. Gyaɗar da maƙwabci zai ci ya sha da ƙyar, ga mai nau'in B wani al'amari ne daban.

Fumfunar tana zaune a cikin ƙasa. Tana samun shiga gyaɗa idan ruwa ya ɗauke kafin ta ƙosa, ko fartanya ta fasa kwanso wajen tono, ko ta daɗe a ƙasa kamar gyaɗar kala. A masara kuma tsutsa ce ke buɗe mata ƙofa. Bayan girbi tana yaɗuwa idan an shanya amfani a kan tsurar ƙasa, ko an zuba shi a buhu bai gama bushewa ba. Masana noma suna son laimar masara ta sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin ɗari, ta gyaɗa kuma zuwa 7 ko 8, kafin a ajiye. Girki ba ya kashe gubar, ko dafuwa ko suya. Idan an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a abin da ake yin ƙuli-ƙuli da shi, kuma nazarce-nazarcen da aka yi a Najeriya sun sha gano ta a ƙuli-ƙulin kasuwa fiye da ƙima. Daga nan take bi zuwa yajin tsire da kilishi da kwaɗo. Saniyar da aka ciyar da ruɓaɓɓiyar dusa ma tana fitar da wani kaso a nononta.

Hanyoyin rage ta ba su fi ƙarfin ƙaramin manomi ba. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 20 na yankin Kindiya a ƙasar Gini, wanda aka wallafa a 2005, an koya wa manoman rabin ƙauyukan tsince gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma har ta bushe sosai, zuba ta a buhun algarara da ɗora buhunan a kan katako. Bayan wata biyar, alamar gubar a jininsu ba ta kai rabin ta mutanen sauran ƙauyukan ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin fumfuna marar guba ta mamaye gurbin mai guba. A cikin gida, tsince ƙwayar da ta motse ko ta sauya launi ko ta yi ɗaci, da surfe da wanki da zubar da abin da ya taso saman ruwa, duk suna rage ta sosai, da sharaɗin kada tsintar ta koma tukunyar ƙuli-ƙuli. Gero da dawa galibi ba su kai masara ɗaukar gubar ba, don haka tuwon dawa da na gero sun fi dacewa su zama tuwon yau da kullum na mai nau'in B.

4.3 Hunturu

Da sanyi ya sauka, noman rani a fadamu da wuraren ban ruwa irin su Kadawa a Kano da Bakolori a Zamfara da Galmi a Nijar yakan cika kasuwa da tumatir da albasa da tattasai da karas da kabeji da latas. Ga kuma 'ya'yan itatuwan daji kamar magarya da kanya da kuka da tsamiya. Wannan ne lokacin da mai ciwon hanta zai iya cin kayan lambu iri-iri da kuɗi kaɗan. Abin lura shi ne asalin ruwan ban: a gefen manyan birane ana shayar da lambuna da ruwan kwatami, kamar yadda aka daɗe ana yi a bakin rafin Jakara a Kano. Abin da za a dafa ba shi da matsala, amma latas da kabeji da ake ci ɗanyu suna buƙatar wanki da tsabtataccen ruwa, kuma ga mai ƙandararriyar hanta dafa su ya fi.

Haɗarin hunturu na biyu daga kantin magani yake zuwa. Mura da tari da ciwon jiki suna yawaita, mutane kuma su sayi magani ba tare da ganin likita ba. Farasitamol hanta ce ke sarrafa shi, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da dama, ta yadda mutum zai ninka adadi bai sani ba. Likitoci sukan taƙaita shi zuwa kimanin giram 2 a yini ga mai sirosis, su kuma hana shi magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, saboda suna iya jawo zubar jini a ciki da cutar da ƙoda. Haka nan maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe bai kamata a sha shi ba sai gwaji ya nuna buƙata, domin rarar ƙarfen a hanta take taruwa.

4.4 Bazara

A bazara zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Ƙishirwa tana kai mutane ga soɓo da kunun zaƙi da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga baligi, alhali kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan giram 35. Rarar sukari hanta ce ke mayar da ita kitse. Rake da ruwan gulukos na iya taimakon wanda ke kwance da sabuwar shawara ya kasa cin abinci, amma mayar da su abin sha na kullum ga mai ciwo mai daɗewa ƙarin nauyi ne. Mangwaro da kankana da aka ci da harzarsu sun fi.

Ƙarancin ruwa yana gurɓata shi kamar yadda ambaliya ke yi. Annobar nau'in E da aka sanar a jihar Diffa ta Nijar a watan Afrilun 2017 ta ɓarke ne a tsakiyar rani, a tsakanin 'yan gudun hijira da ke rububin ruwa kaɗan, kuma mata masu juna biyu ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka rasu. Ƙanƙarar da ake jefawa a soɓo da fura tana cikin abin lura, domin daskarewa ba ta kashe waɗannan ƙwayoyi.

A wannan lokaci kuma miya takan koma kan busassun kaya: kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da barkono, waɗanda su ma fumfuna ke kamawa idan ajiya ta yi laima. Ana ƙara musu armashi da gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, kuma dukkan ukun sodiyam ne. Ga wanda ruwa ya fara taruwa a cikinsa ko ƙafafunsa, iyakar da likitoci ke sawa ita ce kimanin giram 5 na gishiri a yini, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da kilishi. Daddawar da ba a zuba mata gishiri ba, da albasa da citta da tafarnuwa da tsamiya, suna riƙe ɗanɗanon miya yadda majinyaci ba zai ƙaurace wa abinci ba.

5.0 Azumi da Sallar Layya

Akwai lokuta biyu da ba sa bin kalandar manomi. Shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka watan Ramadan yana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara a cikin kusan shekara 33. Wanda ke da nau'in B ko C amma hantarsa ba ta ƙandare ba galibi yana iya yin azumi, ya mayar da shan maganinsa zuwa sahur ko buɗa-baki bisa tsarin likitansa. Wanda ruwa ya taru a cikinsa, ko ya taɓa aman jini, ko hankalinsa ya taɓa ruɗewa, likitoci suna ba shi shawarar kada ya yi, saboda dalilin ƙaramin ma'aji da aka ambata, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Kunun gyaɗa, wanda ake sha kusan kowace rana a watan, ya kamata a yi shi da gyaɗar da aka tsince a gida, ko a riƙa musanya shi da kunun tsamiya.

A Sallar layya ana cin nama mai yawa cikin 'yan kwanaki, a soya sauran da gishiri a ajiye. Naman kansa ba abin hani ba ne, sai dai a rarraba shi a kan kwanaki, a rage kitse da gishiri, a tabbatar ya dahu sosai. Cin hantar rago kuma ba ya gyara hantar mutum.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tambayar me mai ciwon hanta zai ci ba ta samun cikakkiyar amsa sai an haɗa ta da lokacin shekara da yadda aka adana abincin. A damina abin kula shi ne ruwa da yunwa, a kaka bushewar gyaɗa da masara, a hunturu ɗanyen ganye da magungunan mura, a bazara kuma sukari da gishiri da ƙanƙara. Mafi yawan matakan suna hannun waɗanda ke shanya da surfe da girki, wato manoma da matan gida, kuma kalmomin da za a isar musu da saƙon suna nan a cikin harshen. Gibin da ya rage shi ne na suna: muddin shawara ce kaɗai kalmar da jama'a suka sani, wanda idonsa bai sauya ba zai ci gaba da ɗaukar kansa lafiyayye. Wannan aiki ne da ya shafi masana harshe da al'ada tare da likitoci. Duk kulawar da aka yi da cima kuma ba ta ɗauke wa mai ciwon zuwa asibiti domin gwajin jini, da hoton hanta duk wata shida ga waɗanda likita ya ga suna cikin haɗarin sankara.